Sunan Ɗan Fari

"Inna, ki matso ki kira sunanshi," in ji Rahama, ma'aikaciyar jinya, tana gyara robar ƙarin ruwa. "Wani lokaci sukan ji muryar uwa ko ba su ji ta kowa ba."

Uwani ba ta matsa ba. Tana tsaye can ƙarshen gado, ta damƙe bakin mayafinta, idonta a kan ƙafafun ɗanta Sha'aibu, waɗanda har yanzu da ƙasar gona a tsakanin yatsunsu. Da safen nan ya ɗauro buhunan albasa a babur daga Kajiji zai kai kasuwar Bodinga, tayar gaba ta fashe, kansa ya daki gefen kwalbati. Likita ya ce ko an ɗauke shi zuwa Sakkwato da wuya ya kai. Ba abin da ke motsi a jikinsa sai ƙirji.

Rashida, autar Uwani, ita ta amsa a madadinta. "Malama, ɗan fari ne. Inna ba ta hwaɗin sunanshi."

Rahama ta gyaɗa kai. Ita ma 'yar ƙasar ce, ta san zancen.

Kunyar ɗan fari kam kowace mace takan taɓa, amma ta Uwani har misali ake yi da ita. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Tun daga nan ya zama "wancan". Ko yaron maƙwabta ne mai sunan, sai ta ce "mai sunan wancan". In ya shigo gaishe ta, sai ta amsa wa bango. Ba wai ba ta son sa ba ne. Son da take masa ya fi na sauran duka, kuma furar da ta fi kauri kullum shi ake kai wa, ta hannun Rashida. Sai dai yabon mutane yana da daɗi, Uwani kuwa ta sha shi har ta saba.

Aka kira azahar. Ta fita barandar asibitin ta shimfiɗa mayafi. Da ta sallame ta ɗaga hannu, ta ce, "Allah ka ba wancan lahiya." Sai ta tsaya, tsoro ya kama ta. Ashe ko a gaban Ubangiji ba ta taɓa ambatarsa da suna ba. Ta san Allah ya san wanda take nufi, wannan ba ta shakka. Amma shi yaron fa? Ya sani? Ta so ta ce, Ya Rabbi, da wanne zan ji, ta ji tsoron kada ta yi saɓo, ta haɗiye. Ta shafa addu'ar da ba ta gama ba, ta miƙe da niyyar yau kam sai ta kira shi.

Ta tarar ɗakin ya cika da maza. Bawa, ƙanen marigayi mijinta, ya iso da dattawan unguwa da surukin Sha'aibun, sun kewaye gadon suna karatu ƙasa-ƙasa. Ta tsaya a bakin ƙofa. Sunan yana nan a kan harshenta, amma ƙafar ta ƙi shiga. A gaban suruki? Ta zauna a ƙasa ta jingina da bango, tana jin haushin kanta, tana kuma jira.

Sai da aka kira la'asar suka fita masallaci. Ta shiga da sauri kamar mai sata. Ta ɗora hannu a kan goshinsa, abin da rabonta da yi tun yana goye. Ta sunkuya daidai kunnensa.

"Sha'aibu."

Sunan ya fito a karkace, kamar na baƙo. Ta sake, da ƙarfi. "Sha'aibu, ni ce. Innarka ce."

Rashida ta toshe bakinta da hannu. Rahama ta zo da hanzari, ta riƙe wuyan hannunsa, ta kara abin saurare a ƙirjinsa, ta daɗe. Sannan ta kai hannu ta tsayar da ƙarin ruwan.

"Inna, sai haƙuri."

Rashida ta fashe da kuka. Uwani ta riƙo rigar Rahama.

"Ɗiyata, ki hwaɗa min gaskiya don Allah. Sad da nac ce, shina nan ko ya tahi? Ya ji?"

Rahama ta dubi gadon, ta dubi tsohuwar. Ta so ta yi mata ƙarya, ta kasa.

"Allah kaɗai yas sani, Inna."

Aka ji takun maza a baranda. Kafin Uwani ta ankara, ƙafafunta sun mai da ita ƙarshen gado, hannunta ya koma bakin mayafi. Kukan yana nan a ƙirji kamar dutse, ya ƙi hawa.

Bawa ya shigo, ya yi salati, ya ja zane ya rufe fuskar mamacin. Sannan ya juya kan Rashida.

"Ke, bari kukan ga hakanan! Ba ki ga uwarki ba? Ɗanta na fari, ko hawaye ɗaya. Wanga shi ne imani."

Dattawan suka gyaɗa kai, suna sa mata albarka ɗaya bayan ɗaya. Uwani ta sunkuyar da kai, tana amsawa da amin.