Murfin Kwalbar Malam

Haɗari ba ya shiga gidan da ilimi ya riga shi zama. Malam ne ya faɗa, kuma yana da bakin faɗa, domin ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da ilimin sinadarai a sakandare bai taɓa ƙona ko girar ɗalibi ɗaya ba. Cewa makarantar ba ta taɓa sayen sinadaran ba, wannan zance ne na daban.

Da ya yi ritaya sai ya gano cewa kowace matacciyar waya tana kwance da ɗan zinare a cikinta. Ya bi shagunan masu gyara ya tara buhu guda. Ya sayo asid iri biyu, waɗanda in aka haɗa su suke narkar da zinare kamar sukari a shayi. Ɗakin bincike kuwa bai sha wahalar samu ba. Sito ne, inda matarsa take ajiye keken ɗinkinta.

"Na ɗan lokaci ne, Madam," in ji shi.

A yi masa adalci, ya yi shiri. Akwai tabarau mai rufe ido ruf, da safar roba har gwiwar hannu, da bokitin ruwa, da garin soda na kashe kaifin asid. Taga a wangale, kwalba kuma a tsakiyar baho. Ya zaunar da ita ya yi mata lacca: kada a shaƙi hayaƙin, kada a zuba ruwa cikin asid, in ya taɓa fata a yi ta kwarara ruwa. Ta yi ta gyaɗa kai tana tsinke zare da haƙori. Abu ɗaya ne bai faɗa ba, don a ganinsa ko yaro ya sani.

Ita kuwa tun ranar da ta shigo gidan nan aikinta bin bayansa tana rufe abin da ya buɗe. Man goge baki, kwalbar mai, gwangwanin madara, maganin tari. Malam yana buɗewa, ita tana murɗewa, a haka aurensu ya kai inda ya kai. 'Ya'yansu ma, kafin su watse, Sarkin Murfi suke ce mata.

Ranar da ya haɗa asid ɗin, ta leƙa sito ɗaukar almakashi. Ga kwalba, ruwa a ciki launin ɓawon lemo, murfi a ɗore kawai, sakwaf-sakwaf. Ta yi tsaki. Mutum ya yi lacca har bakinsa ya bushe, sannan ya bar guba a buɗe! Ta toshe hanci da gefen mayafi, ta murɗe murfin tam, ta ƙara murɗawa don lada, ta fito.

Suna cin abincin rana yana ta bayani, cokali a sama.

"Kin ga bambancin masani da ɗan koyo? Ɗan koyo zai ƙulle kwalbar. To haɗin nan iska yake fitarwa ba tsayawa. Ka toshe shi, ya tara, ya fashe maka a fuska. Shi ya sa na bar murfin a sake."

Ta ajiye cokalinta.

Ya wanke hannu ya miƙe. Tabarau na rataye a ƙusa cikin sito, can bayan kwalbar, wato sai ya sunkuya a kanta da idanunsa tsirara kafin ya kai gare shi. Ta dubi idanun nan, waɗanda ba su taɓa gano inda safarsa take ba, ta ji ba za ta iya rayuwa babu su ba.

"Baban yara, zauna."

"Zinare ba ya jira, Madam."

"Na rufe ta."

"Me kika rufe?"

"Kwalbar. Tam."

Ta jira tsawa. Sai ta ga ya koma ya zauna a hankali, kamar wanda aka kira gaban shugaban makaranta.

"Kin taɓa ruwan? Nuna mini hannunki. Ɗayan fa?"

Ya jujjuya su, ya ga lafiya lau, ya sauke numfashi. Daga nan ya je ya ja ƙofar sito daga waje, ya cusa tsumma a ƙarƙashinta, ya kama hannunta suka fita tsakar gida. Ya leƙa katanga ya ce wa maƙwabci ya janye yaransa daga wajen tagar. Suka tsaya a rana suna jira.

Ƙarar ba ta ma kai yadda ta zata ba. Fus, sai tartsatsin gilashi a bango. Hayaƙi ja-ja ya biyo taga ya bi iska.

Ta zauna a kan bulo. Alhamdu lillahi kawai take maimaitawa, hannunsa har yanzu a cikin nata.

Sai da hayaƙin ya gama ficewa sarai, ya aro tabarau wurin maƙwabcinsu mai walda, ya ɗaure hanci da baki, sannan ya shiga. Ya yi ta barbaɗa soda, ƙasa na kumfa tana huci, har ta yi shiru. Zinaren kuwa yana nan bai ɓata ba, a cewarsa, ya dai rarrabu ne tsakanin bango da silin.

Kafin yamma labari ya gyaru. Tana daga ciki tana jin sa a ƙofar gida, maƙwabta sun kewaye shi.

"Tsari ne, jama'a. Baho a ƙasa, taga a buɗe, kowa a waje. Ai na sha faɗa muku, haɗari ba ya shiga gidan ilimi."

"To me ya fasa kwalbar, Malam?" in ji mai walda.

Ta kasa kunne.

"Gilashin zamani," in ji Malam. "Ba shi da ƙwari."

Ta yi murmushi ita kaɗai. Mutumin da bai taɓa iya rufe komai ba, yau ya rufe mata asiri.

Washegari ta shiga sito ta yaye ƙyallen keken ɗinkin. Hayaƙin asid ya sa tsatsa ta yi masa lulluɓi, tun daga allura har ƙafa. Ta ɗiga mai, ta taka, ya ƙi motsi. Ta mayar da ƙyallen ta gyara masa gefe. Rigar 'yar maƙwabciya na jira, saura hannu ɗaya. Ta ɗauko allurar hannu, ta zauna bakin ƙofa inda haske ya fi, ta yi ta neman kafar allurar ba ta samu ba.

"Baban yara, zo ka zura mini zaren nan. Kai ne mai ido."