Kujerar da Ta Ƙi Fenti

Sheƙi suke ce masa a gareji, domin in ya fesa wa mota fenti har fuskarka za ka gani a jikinta. Shi ma bai taɓa ƙin sunan ba. In aka yabe shi, maimakon ya yi godiya ya yi shiru, sai ya ce ai ko ruwa aka ba shi zai yi masa fenti ya zauna. Wannan bakin nasa ne ya ja masa a wajen surukinsa.

Surukin tsohon tela ne, ba ya son yawan magana. Tun da Sheƙi ya auri 'yarsa bai taɓa zama a gidansu ba. Zai zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya gaisa da 'yarsa, ya shafa kan jikoki, ya ce ana jiransa a shago. Shagon kuwa an daɗe da rufe shi. Abin yana cin ran Sheƙi ƙwarai. In matarsa ta tayar da zancen sai ya ce shi ko a jikinsa, amma ƙarya yake yi, ba abin da yake so a duniya kamar ya ga tsohon nan ya zauna a falonsa.

Kwatsam sai matar ta dawo da labari: Baba ya ce jibi zai zo, kuma zai zauna ya sha shayi.

Sheƙi ya ƙare wa falon kallo. Kujera mai hannu guda ɗaya ce, ta roba, rana ta cinye launinta ta koɗe fes. Matar ta ce a wanke ta a shimfiɗa mata zane, shi ke nan. Ya dube ta kamar ta zage shi. Gidan mai fenti guda, a rufa wa kujera asiri da zane?

Abin haushin shi ne ya san komai. Shi da bakinsa yake gaya wa masu motoci cewa roba ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai tauri irin ta bututun ruwa, in ka ɗan goge ta da samfefa fenti kama ta yake kamar tare aka haife su. Akwai kuma mai santsi irin ta jarka da bokiti, wadda sai an fara yi mata wani shafi na musamman kafin fenti ya yarda ya zauna. Shafin ya ƙare a gareji. Kuma da yake wanke kujerar ya ga ruwa yana dunƙulewa yana gangarewa, ko jiƙa ta bai yi ba. Ya gani sarai da idonsa. Sai gogan naka ya ɗauko guntun bututu a tsakar gida, ya fesa masa fenti, ya bari ya bushe, ya kankara da farce bai tashi ba. Ya ce to ai roba roba ce. Wato ya tsallake kujerar ya je ya tambayi wanda zai ba shi amsar da yake so.

Ja ya zaɓa, ragowar fentin wata mota. Ya yi shafi, ya ƙara, ya sake ƙarawa, har kujerar ta yi kauri tana walƙiya. Ya hana kowa taɓa ta, shi ma bai taɓa ba, kuma ya san dalili.

Tsohon ya iso da rana tsaka, cikin farar riga ɗinkin hannunsa. Ya dubi kujerar, ya dubi Sheƙi, ya zauna. Zuciyar Sheƙi ta yi fari tas, har ƙwalla ta so zuwa masa.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Zafi ake yi, fanka kuma iska mai ɗumi kawai take kaɗawa. Tsohon yana ba 'yarsa labarin ciwon gwiwa, ya ɗan gyara zama, sai Sheƙi ya ji wani ɗan sauti, tsut. Ya san sautin nan fiye da muryar 'ya'yansa. Mutumin da ya shekara da shekaru yana roƙon Allah surukinsa ya zauna, yanzu roƙo yake kada ya tashi. Ya ƙara masa shayi. Ya tambayi gwiwar hagu, ya tambayi ta dama, ya ƙara shayi. Shayin kuwa shi ya tayar da tsohon, ya ce a nuna masa bayi.

Yana miƙewa aka ji kamar an yage yadi. Fentin ya taso kusan gaba ɗaya kamar fata, ya bi bayan rigar tun daga kafaɗa har ƙasa. Kujerar ta koma yadda take, koɗaɗɗiya, ko kunya ba ta ji.

Matar ta toshe baki. Tsohon ya cire rigar a hankali, ya ɗaga ta yana dubawa da idon tela, sannan ya tambayi abin da ya sami fentin.

Uzuri ya yi layi a bakin Sheƙi: zafi, fentin zamani, robar yanzu. Kowanne zai shiga. Ya dubi rigar, ya ji kunya ta rufe shi har ƙafa.

"Baba, irin wannan robar ba ta kama fenti haka. Na sani, na yi."

"Ashe akwai abin da ya fi ƙarfinka."

"Akwai, Baba. Ga shi nan a bayan rigarka."

Tsohon ya yi wani ɗan tari, wanda matar ta ce daga baya dariya ce. Ya ce a ba shi riga ya sa. Aka kawo ta Sheƙi, ta yi masa yawa. Ya je ya dawo, ya sa hannu ya ɓare ragowar jan da ya maƙale a hannun kujerar, ya koma ya zauna ya jingina sosai. Bai tashi ba sai da rana ta yi sanyi, ko zancen shago bai yi ba.

A bakin ƙofa ya juyo, rigarsa a naɗe a hammata, ya nuna kujerar da haɓa.

"In na dawo, haka nake son in same ta."