Gas Ɗin Motar Suruki

Jatau ya shekara goma sha takwas yana gyaran esin mota, wato na'urar sanyaya ciki, a Gusau, kuma ba a taɓa jin ya ce bai sani ba. Fijo da Marsandin garin nan ya san su kamar yunwar cikinsa. Gas ɗaya ya tashi da shi, wanda masu sana'ar ke kira sha-biyu, kuma a ganinsa duk wanda ya ce akwai wani, neman suna yake yi.

A shekarun da motocin Beljiyam suka fara cika gari, surukinsa Alhaji Tambaya na Bunguɗu, mahaifin matarsa Wasila, ya sayo Toyota daga Kwatano. Esinta ba ya sanyi sosai. Alhaji ya kawo ta da kansa, ya zauna kan benci yana gaya wa abokin tafiyarsa cewa kaf jihar nan babu mai hannun mijin 'yarsa.

Jatau ya durƙusa ya gaida shi, kai a sunkuye, sannan ya ɗaga bonet. Ya jawo tiyon ɗura gas. Bakin tiyonsa ya ƙi shiga, don motar ta sabon gas ce, wanda bai taɓa saye ba. Abin yi a bayyane yake: ya ce a ba shi kwana biyu ya aika Kano a kawo irin nata. To amma mutumin da ba ya iya haɗa ido da surukinsa, ina zai iya buɗe baki ya ce abu ya fi ƙarfinsa, ana tsakiyar yabonsa? Sai ya ƙulla wani guntun ƙarfe a bakin tiyon, ya ɗura mata sha-biyu a kan ragowar nata. Sanyi ya zubo, Alhaji ya sa masa albarka, shi kuwa ya amsa da amin yana jin kamar ya yi sata.

Bayan wata biyu Alhaji ya biyo ya ɗauke shi zuwa ta'aziyya a Tsafe. Suna gab da shiga gari motar ta yi wata ƙara, ƙaurin roba ya cika ciki. Kwamfaresar esin ta cije, bel ya tsinke. Tun kafin a tsaya Jatau ya san abin da ya faru, don man cikinta ba ya shiri da tsohon gas.

Aka tura ta garejin wani Sabiru, wanda bai san Jatau ba, balle ya gane ɗan sana'a ne cikin babbar riga. Sabiru ya kwance tiyo, ya ga man ya yi baƙi ƙirin, ya shafa a yatsa ya nuna wa mutanen da suka taru.

"Alhaji, wane jahili na ya yi maka wanga aiki? An gwama mata gas biyu. Ga shi an rubuta irin nata jikin bonet, ko makaho ya lalubo shi."

Jatau ya buɗe baki, amma Alhaji ya riga shi.

"Hakanan nis sawo ta daga Kwatano," in ji shi, bai ko waiwaya ba.

Wannan dattijo da ake kira shaida a Bunguɗu saboda ba ya karkata magana, yau ya yi ƙarya a gaban jama'a don ya rufa masa asiri. Da zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi. Kunya ta kama Jatau har ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Sabiru ya ci gaba da bayani: sai an sake kwamfaresa, a wanke hanyoyin tas, a zuƙe iska, sannan a zuba mata nata gas da nata mai. Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya gyara hula.

"Ga surukina nan, shi ma yana ɗan taɓa aikin. Nuna mai yadda aka yi, don Allah."

Jatau ya tuɓe babbar rigarsa ya ninke, ya tsuguna gefen Sabiru, ya karɓi sifanar da aka miƙo masa.