Dawowar Bijimin Morioka

Gonda, tsohon ɗan kokawa, yana da aibi guda: bai iya cewa a'a ta waya ba. Ido da ido sai ya murtuke fuska ya sallami mutum, amma ta waya har sunkuyawa yake yi yana cewa to. Ta nan Hirano, mai shirya wasannin kokawa, ya kama shi.

"Shiga kawai za ka yi, Gonda. Wasan taron dangi ne, kowa na jefa kowa ta saman igiya, wanda ya rage shi ya ci. A gan ka, a yi ihu, ka mari mutum biyu, ɗan wasanmu Kanbe ya ɗauke ka ya ajiye a waje kamar ƙwai. Mogi muka shirya zai ci."

Ga shi yau Lahadi da rana an ɓoye shi a ɗakin ajiye kujeru, don ko 'yan wasan ba a gaya wa zai fito ba, sai Kanbe. Ya zauna, ya tashi, ya sake zama. Tun da ya yi ritaya, aka buga masa ƙararrawar bankwana ya sha kuka, ya koma sayar da miyar 'yan kokawa a shagonsa, gwiwarsa ta hagu ba ta yarda da doguwar tsayuwa. Ya ɗaure ta, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Bai damu da cin wasan ba. Fatansa ya fita kafin ta zubar da shi a gaban mutanen da suka san shi da laƙabin Bijimin Morioka, garinsu.

Kiɗan shigowarsa ya tashi. Zauren ya yi tsit, sannan ya ɓarke. Tsofaffi na kiran sunansa, yara na tambayar iyayensu wane ne wannan. Ya hau dandamali ya mari na farko, ya mari na biyu, ya waiga neman Kanbe.

Kanbe na ƙasa a zaune. Santsi ya kwashe shi ya faɗo waje ta saman igiya tun kafin kiɗan ya ƙare, yana ta sunkuyar da kai yana ba da haƙuri daga nesa.

Saura mutum biyar, kuma duk a hannun Gonda suka tashi. Sun wanke masa kaya, sun cuɗa masa baya, sun ci ragowar tukunyarsa. Babu wanda aka ce wa ya taɓa shi. Ya nufi wannan, wannan ya kama wancan da kokawa. Ya nufi wancan, shi kuma ya ga ai gara ya bari a jefa shi waje. Gwiwa ta fara magana.

Ya cafki wuyan wani ƙato ya raɗa masa, "Kai, jefa ni."

"Ni, Maigida? Wane ni!"

"Ƙaton banza, da shinkafata ka yi wannan ƙiba!"

"Shi ya sa, Maigida."

Kafin ya ankara, ƙaton ya rungumi abokin karawarsa sun fice tare, mutane na tafi. Dandamali sai faɗi yake ƙarawa. Gonda ya jingina da kusurwa yana huci, yana zare ido, 'yan kallo suka ɗauka tsohon fushin nan ne ya dawo. Numfashi yake nema.

Ya rage shi da Mogi. Mogi yanzu babban ɗan wasa ne, gashi a rine, hotonsa a jikin riguna, amma shi ne ya fi kowa daɗewa yana ɗaukar wa Gonda jaka. Suka sarƙe, goshi da goshi.

"Maigida, barka da dawowa. Ya uwargida?"

"Uwargidan ƙaniyarka! Gwiwa ta tafi. Fitar da ni yanzun nan."

"To, Maigida!"

A gidan kokawar da suka tashi, babba ba ya fita dandamali da kansa. Ƙarami ne ke riga shi zuwa, ya danne igiyar tsakiya, ya ɗaga ta sama, ya buɗe masa hanya. Jikin Mogi ya riga kansa tunani. Ya yi tsalle ta saman igiya, ya tsaya a gefen dandamali, ya buɗe hanya, har da sunkuyar da kai.

"Ba haka ba, sakarai!" Gonda ya yi kansa da ɗingishi.

Taku na uku gwiwar ta saki. Ya tafi gaba ɗaya, kafaɗarsa ta sauka a cikin Mogi, Mogi ya yi sama ya dira a kan teburin mai buga ƙararrawa.

Zauren kamar zai rushe. Babu wanda ya ga faɗuwa, tunkuyin Bijimi suka gani. Alƙalin wasa ya ɗaga hannunsa, Gonda ya rataya a jikinsa kamar rigar shanya, hawaye na zuba, wani dattijo a layin gaba ma ya taya shi. Ya hangi Hirano a bakin labule ya dafe kai da hannu biyu.

Wanda ya ci wasan taron dangi shi ke karawa da zakara bayan hutun rabin lokaci.