Baƙin Baba Kyari

Inusa ya riga ya ɗaga akushin zai mayar cikin gida sa'ad da maƙwabciyarsu Hajara ta yi sallama a zauren. Tuwon jar dawa ne, irin wadda ake rabawa a shekarun da ruwa ya ƙi sauka a Damagaram, kuma ko yatsa ba a sa masa ba. Mahaifinsa, Baba Kyari, yana jingine da bango, hannunsa yana rawa a kan gwiwa, idonsa na kan wata tabarma da ba kowa a kanta.

Inusa ya ce yau ma tsohon ya ƙi ci, wai baƙinsa ba su ci ba. A ganinsa rikicin tsufa ne, irin wanda ya tafi da mahaifiyar Hajara.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a unguwar Zongo, kuma Hajara ce ta yi jinyar mahaifiyarta har ƙarshe. Tsohuwar ta fara da mance inda ta ajiye ludayi, sannan sunayen jikokinta, daga baya Hajara kanta ta koma "baiwar Allah". Da 'yar dabara ake kwantar da ita, domin ba ta riƙe komai. Saboda haka Hajara ta ce a bar mata.

Ta kawo akussa na wofi rufe da faya-fayi, ta jera a gaban tabarmar. Da aka jima ta kwashe.

"Baba, baƙinka sun ƙoshi. Saura kai."

Ya dube ta, fuskarsa ba motsi. "Hajara 'yar Adamu maƙeri, tun ba a haife ki ba nake fatoma, ina saukar da fatake. Akushi mai tuwo ba da yatsa biyu ake ɗaga shi ba."

A nan ta gane ciwon ba ɗaya ba ne. Mutumin nan bai mance komai ba. Har sunayen masu raƙuman da suka taɓa kwana a zaurensa yana kawowa. Sai dai takunsa ya gajarta, yana jan ƙafa, da safe garau, da la'asar kamar an rufe shi da bargo, kuma yana ganin mutane zaune. Lokotoron asibiti da suka kai shi wurinsa ya ce cututtukan da ke cin ƙwaƙwalwar tsofaffi iri-iri ne: wata da mantuwa take farawa, wata da gane-gane da sandarewar jiki, wata kuma shanyewar jiki take bi. Magani babu. Su dai tabbata yana cin abinci.

Kashegari Hajara ta sake gwadawa, ta ce baƙin sun roƙi mai gida ya fara.

"Ba sa magana," in ji shi. "Tun da suka zo ba su ce uffan ba. Yunwa ce."

Wuyan hannunsa ya koma kamar kara. Hajara ta yafa mayafinta ta fita bayan gari, inda waɗanda dabbobinsu suka ƙare suka kafa bukkoki. Ta dawo da wata Bafillatana da surukarta, ta zaunar da su a kan tabarmar.

Inusa ya ja ta gefe, ya ce rabon da ake ba su ko gidan bai isa ba.

"Ko dai a raba tuwon ya ci rabi, ko ya koma ciki cikakke kamar jiya," in ji ta. "Zaɓi naka ne."

Bai hana ba. Matan suka sa hannu cikin kunya. Baba Kyari ya daɗe yana kallonsu.

"To, waɗannan suna ci," in ji shi. Ya jawo sauran, ya yi bismillah.

Haka aka yi ta yi har zafi ya shigo. Wasu ranakun yakan tambaye su labarin rijiyoyin arewa, wasu ranakun sai Hajara ta kai masa loma baki. Ya rasu wata rana da hantsi, a zaune, bayan baƙinsa sun wanke hannu.

Da aka dawo daga maƙabarta, masu ta'aziyya suka watse, Inusa ya shigo zauren don ya naɗe tabarmar. Ya tarar da matan nan biyu a kanta, sun zo gaisuwa, kansu a ƙasa. Hajara na tsaye daga bakin ƙofa. Ya tsaya jim, ya wuce cikin gida.

Da ya fito, da hannu biyu yake riƙe da akushin.