Ƙananan Duwatsun Kyoto

Tun ranar da Fauzia ta ce za ta tafi Japan, Malam Sirajudeen bai sake cin abinci ya ji daɗinsa ba. Ita kaɗai Allah ya ba su, shi da matarsa Safura. A nan Amurka aka haife ta, ta yi karatu ta zama nas a garin Alexandria da ke kusa da su, ta auri Ameen, yaro mai ladabi ɗan wani ɗan'uwansu na zangon Kumasi. Sirajudeen sunan mahaifiyarsa ya sa mata, shi ya sa ba ya kiran sunanta, sai dai ya ce Uwata.

Ta ce hutu za ta je yi da wata abokiyar aikinta mai suna Olive, a wani tsohon birni da ake kira Kyoto. Ya tambaye ta me ake gani a can, ta ce ɗakunan bautar mutanen ƙasar ne da gidajen da. Ya ce ai duniya cike take da garuruwa, me ya sa sai garin gumaka? Ta yi shiru. Tun bara haka take amsa masa yawancin tambayoyinsa.

Bara ɗin ne ta haihu, cikin tsananin sanyi, yaron ya zo babu rai. Tiyata aka yi mata, ta daɗe ba ta cikin hayyacinta. Ma'aikatan asibitin sun tambaya ko a jira uwar ta farfaɗo ta riƙe shi. Sirajudeen ne ya amsa, domin Ameen ba zai yi magana a gaban surukinsa ba. Ya ce a wurinsu ba a haka. Uwa ba ta ganin gawar jariri, don kada fuskarsa ta zauna mata a rai. Haka ya ga ana yi a zango, haka aka yi wa tasa uwar. Da takardu suka fito, ya bar Ameen a gefen gadonta, shi da wani dattijo Malam Ladan suka kai yaron maƙabartar da jama'arsu suka saya a wajen gari. Ba a raɗa masa suna ba, ba a kafa alama ba. Da ta warke ta tambayi inda yake, ya ce mata sai haƙuri, ba a tonon irin wannan.

Yanzu ga hotuna suna shigowa wayarsa kullum. Gadi yake yi a wani babban sito a Laurel, to a ɗakin gadin nan yake zama ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ga lunguna masu gidajen katako, tsaf kamar an wanke. Ga jajayen ƙofofi jere suna hawa dutse har ido ya gaji. Ga wani lambu da babu komai cikinsa sai farar tsakuwa da aka ja wa layi da manjagara. Safura ta ce mutanen da suke sharar tsakuwa lallai sun rasa aikin yi, a turo mata biyu su zo su gyara mata kicin. Ita damuwarta ko yarinyar tana cin shito, yajin Kumasi da ta ɗura mata a kwalba, ko kuwa ɗanyen kifi ya gama da cikinta.

Shi ba ya dariya. Yakan sa yatsu biyu ya buɗa hoton, ba fuskarta yake dubawa ba, abin da ke bayanta yake nema. A wani hoton ta cire takalmi a bakin wani babban ɗaki mai duhu. A wani tana riƙe da ludayin gora a bakin kwatarnin dutse, tana zuba ruwa a hannu. Ya nuna wa Safura, ya ce wannan ai alwala ce, wa za ta yi wa sallar? Safura ta ce wanke hannu ne kawai, in ya ci gaba da zura wa wayar nan ido, gilashin da zai saya nan gaba sai ya kai gindin kwalba kauri.

Wata ranar Laraba bayan magariba Fauzia ta kira ta bidiyo. A can gari ya riga ya waye. Ta gaishe su da Hausarta mai ɗan karkata, ta tambayi ƙafar Mma Safura, sannan ta ce akwai abin da take so Baba ya gani. Ta juya wayar.

Wani fili ne a bayan ɗakin bauta, ƙarƙashin dogayen itatuwa. Duwatsu ne ƙanana a jere, sahu bayan sahu, an sassaƙa musu fuska zagayayya da ido a rufe. Kowanne an ɗaura masa jan ƙyalle a wuya irin wanda ake sa wa jariri saboda dalala. Wasu da hular saƙa. A gaban wani an ajiye ƙaramar motar wasa, a gaban wani biskit. Babu kowa a wurin. Can nesa aka buga wata ƙararrawa mai nauyi, ƙarar ta daɗe ba ta mutu ba.

Da Turanci ta yi bayanin, a hankali, kamar tana yi wa mara lafiya. Ta ce iyayen da suka rasa jarirai ne suke kafa su, har waɗanda ba su zo da rai ba. Suna zuwa su wanke dutsen, su canza masa ƙyalle, in sanyi ya shigo su sa masa hula. Ta ce tun ranar da ta gano wurin, Olive ke yawonta ita kaɗai, ita nan take wuni. Wata tsohuwa mai share wurin ta gaya mata ba a tambayar addinin mutum, kowa zai iya samun nasa.

Da ta juyo da wayar, sai ya ga jan ƙyalle a hannunta, sabo, a ninke.

"Uwata," ya ce, "wannan fa gunki ne."

"Na sani, Baba."

Da ta yi gardama da ya fi masa sauƙi. Ya fara karanto mata abin da ya sani game da shirka, Safura na taɓa masa gwiwa ya sassauta. Fauzia ta bar shi ya gama. Sannan ta koma Hausa.

"Ba zan roƙe shi komai ba. Wuri nake so. A nan kowane yaro yana da inda uwarsa za ta tsaya. Nawa fa?"

A ransa yana ganin 'yarsa durƙushe gaban dutse a wata ƙasa da ba ya iya ko nuna ta a taswira, yana ganin ranar da za a tambaye shi yadda ya riƙe amanar da aka ba shi. Bai tsaya tunani ba. Ya ce ta ajiye ƙyallen nan ta fita daga wurin, in ta dawo shi da kansa zai kai ta kabarin ɗanta.

"Ka san wurin?"

"Ni na sa shi da hannuna."

Ta sauke hannun da ke riƙe da ƙyallen. Sannan ta ce to, ta yarda.

Da aka kashe wayar, Safura ba ta tashi ba. Ta ce, "Malam, ka san wurin kuwa?" Ya ce wace irin tambaya ce wannan, shi yaro ne? Ta ce ba ta ce yaro ba ne, amma mutumin da ke ɓatar da motarsa a gaban kanti ya kamata a tambaye shi sau biyu. Ya tashi ya ba ta wuri.

Washegari ya nemi izini a wurin aiki ya kama hanya. Maƙabartar tana bayan gonakin masara, fili ne shimfiɗaɗɗe da shingen waya. Ranar da suka kawo yaron ƙanƙara ta rufe ko'ina fari fat, iska tana yanka fuska, shi kuma kansa a sunkuye yake bin bayan Malam Ladan. Abin da ya riƙe shi ne akwai itace a hannun dama, shinge kuma yana kusa.

Yanzu ciyawa ce kore shar. Itatuwan da ke gefen da ake binne yara sun fi ɗaya, duk iri guda. An ƙara faɗin filin, shingen ya matsa baya. Sababbin kaburbura suna da 'yan alluna, amma tsofaffin ƙasa ta riga ta kwanta, sai ɗan tudu nan, ɗan kwari can, wasu ma sai ka taka kafin ka ji ƙafarka ta gaya maka. Ya cire takalmi. Ya tsaya a gindin itace na farko ya rufe ido, ya koma na biyu ya yi haka. Kowanne ya tsaya sai zuciyarsa ta ce nan ne, in ya matsa kuma ta ce can ne. Har rana ta take yana zagaye.

Daga nan ya wuce Annandale, gidan ɗan Malam Ladan. Ya san tsohon ba shi da lafiya, amma bai san abin ya kai haka ba. Ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Ɗan ya ce ai shekara da shekaru tsohon a ka yake riƙe da gefen yara, ko an ce a rubuta sai ya ce shi ne littafin. Sai bayan da ya kwanta ne matasa suka fara kafa alluna. Masu haƙan wancan lokacin kuwa 'yan haya ne, babu wanda ya san inda suke.

Sirajudeen ya durƙusa kusa da kujerar, ya gaishe shi, ya tuna masa ranar ƙanƙara da jikansa. Idon tsohon ya buɗe sosai. Ya kama hannun Sirajudeen da hannunsa mai lafiya ya matse, leɓɓansa suna motsi, wani sauti yana fita daga maƙogwaro. Tsohon ya san wurin. A fili yake ya sani. Sirajudeen ya kai kunnensa har bakin tsohon, bai ji komai ba sai numfashi.

A mota ya zauna da waya a hannu. Fauzia tana da sauran kwana a Kyoto, kuma ta ce daga masaukinta zuwa filin duwatsun nan da ƙafa take zuwa. In ya gaya mata gaskiya yau, ya san inda za ta nufa da gari ya waye. In ya bari sai ta dawo, zai kalli idonta ya ce ya hana ta dutsen mutanen can, kabarin kuma ya ɓace masa. Yana cikin haka saƙonta ya shigo, ta ce ta mayar wa tsohuwar da ƙyallen. Ya rubuta mata, Allah ya yi miki albarka. Bai ƙara komai ba.

A gida Safura ta dubi ciyawar da ta manne a ƙafar wandonsa, ta dubi fuskarsa, ta zuba masa abinci. Ba ta tsokane shi ba ranar, wannan kuwa ya fi tsokanar ciwo.

Ranar Lahadi da hantsi suka tarye ta a filin jirgi na Dulles, su uku da Ameen. Ta rame kaɗan. Ta rungume uwarta, ta rusuna ta gaida shi. Safura ta ce a wuce gida, ta dafa waake, shinkafa da wake irin ta zango, da kifi, mutum ya huta tukuna, maƙabarta ba guduwa za ta yi ba. Fauzia ta ce ta yi barci a jirgi. Ameen ya dubi surukinsa ta madubi, yana jiran umarni. Sirajudeen ya ce a je.

A hanya tana ba uwarta labarin Kyoto, yadda jirgin ƙasa ba ya latti, yadda mai kanti ke rusuna maka ko ruwa ka saya. Shi yana gaba yana jan carbi, bai san abin da yake karantawa ba.

Safura ta ce ita a mota za ta zauna, ba ta taɓa shiga maƙabarta ba, ba kuma yau za ta fara ba. Su uku suka shiga. Da suka kai gefen yara Fauzia ta tsaya, ta dubi filin daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ga lokacin da ta lura babu alluna a nan.

"Wanne ne, Baba?"

Ameen ma shi yake kallo. Ya ɗaga hannu ya nuna wani ɗan tudu a gindin itace na biyu.

Ta tafi a hankali ta durƙusa. Ta shafa ciyawar da tafin hannu, ta tsince busassun ganye ɗaya ɗaya. Ta yi sallama, ta karanta Fatiha, sannan ta fara magana ƙasa-ƙasa da Turanci, tana kiran wani suna da Sirajudeen bai taɓa jin ta ambata ba. Ameen ya durƙusa kusa da ita. Kafaɗunta da suka shekara a ɗaure suka sauka.

Sirajudeen yana tsaye a bayansu sai ya ji ƙarar taya a kan tsakuwa. Wata farar mota ce ta tsaya kusa da tasu. Wani mutum ya fito da jarkar ruwa a hannu, matarsa na biye da shi. Ba su tsaya dube-dube ba, tafiyar wanda ya saba da wurin suke yi. Suka wuce manyan kaburbura, suka wuce masu alluna, suka wuce itace na farko. Sai mutumin ya rage sauri, yana kallon matar da ke durƙushe a gindin itace na biyu, ya juya ya ce wa matarsa wani abu.

Fauzia ba ta ɗago ba tukuna.