An Kashe Mai Makulli Tun Farkon Fim

Ranar da za a fara nuna fim ɗin, mai yankan makulli ya rufe shagonsa tun rana na tsaka, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi yi ba. Ya share ɓurɓushin ƙarfen da ke kan teburi, ya lulluɓe injin da tsumma, ya kama hanyar gida baki har kunne.

Matarsa ce ta rubuta littafin da aka mayar fim. Koyarwa take yi, kowa Malama yake ce mata, har shi. Labarin wani mai yankan makulli ne, wanda duk makullin da aka kawo masa sai ya yanka biyu, ya ba mai shi ɗaya ya ɓoye ɗaya. Yakan shiga gidajen mutane ba sa nan, ko allura ba ya ɗauka, sai dai ya zauna a kujerarsu ya ɗanɗani irin rayuwarsu. Daga baya aka fara tsintar gawarwaki. Wata tsohuwar 'yar sanda mai ciwon gwiwa ce ta bi sawunsa a hankali har ta cafke shi.

Duk wanda ya karanta kuwa ya san inda Malama ta samo mutuminta. Goge tabarau da gefen riga, hura makulli kafin a miƙa, ɗan tarin nan kafin a fara magana, duk na mijinta ne. Wani da haushi zai ji. Shi kam sai ya ɗauki abin kamar lambar yabo aka rataya masa.

Ƙanin Malama, direban tasi, shi ya zo ɗaukarsu.

"Yaya, in mun shiga ka zauna nesa da ni," in ji shi. "Kada asirinka ya tonu a ce tare aka gan mu."

"Kai da ko bangon littafin ba ka buɗa ba?"

"Fim nake jira. Shi ba ya sa ciwon ido."

Mai makulli ya yi dariya, ya shiga ba shi labarin shafin da za a kama shi, yana kwatantawa da hannu. Malama dai tana ta kallon titi ta taga. Ya ɗauka fargaba ce irin ta mai abu.

Aka kashe fitilun sinima, fim ya fara da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Mai makulli ya raɗa wa Malama cewa a littafi ko yayyafi ba a yi ba. Can sai ga ɗan sanda, saurayi sambal, yana tsallake motoci da gudu.

"Ina tsohuwar mai gwiwa?"

"Shi ne a madadinta."

Bai gama haɗiye wannan ba sai ga shago, ga makullai rataye a bango, ga wani dogon mutum mai tabarau sunkuye a kan inji. Mutumin ya ɗaga makulli ya hura. Mai makulli ya zunguri Malama da gwiwar hannun dama, ya zunguri direba da ta hagu, saura kaɗan ya miƙe ya gaya wa 'yan kallo cewa ga shi nan a cikinsu.

Tun ba a je ko'ina ba ɗan sandan ya turo ƙofar shagon. Dogon mutumin yana kwance a ƙasa, makullai warwatse a kan ƙirjinsa.

"Malama, wa ke nan a kwance?"

"Kai ne, Maigida."

"Suma na yi?"

"Mutuwa ka yi. Yi haƙuri, mutane na kallonmu."

Direba ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na rawa. Mai makulli ya harɗe hannuwa, ya ƙudurta a ransa cewa daga nan har a tashi ba abin da zai burge shi.

Amma gani ya kori ji. Aka nuno wata mata tana wanke kwanuka a kicin, ita kaɗai a gida. Kiɗa ya ɗauke ɗif. Sai ƙarar makulli yana shiga kuba, a hankali, haƙori bayan haƙori. A littafi, mai karatu yana waje ne tare da makashin, yana jin abin da ke ransa, har ya so ya tausaya masa. A nan kuwa an kulle ka ciki tare da matar, ba ka san wa ke bayan ƙofa ba. Tsigar jikinsa ta tashi. Da hannun ƙofar ya motsa, sai ya ji direba yana cewa, "Yaya, sakar mini cinya."

Daga nan ya manta da fushi. Ya zargi likita, ya zargi mijin matar, har ɗan sandan ma ya zarga, yana ta raɗa hujjojinsa. Ashe makashin mai gidan haya ne, wani mai fara'a da ke raba wa yara alewa.

Suka fito, hasken rana ya kashe musu ido. Kafin su kai mota gardama ta kaure.

"Kin sani, kika bar ni ina zuba a hanya."

"Na sani. Masu fim sun ce duk wanda ya karanta ya riga ya san makashi, dole su ba shi mamaki. In na gaya maka, da ba ka riƙe cinyar ƙanina ba."

"Ni dai fim ya fi," in ji direba. "Ga gudu, ga duka."

"Gudun ne ya ɓata shi. Tsohuwar nan zama take yi ta yi tunani, kai ma ka yi tare da ita. Kuma mai gidan haya wane abin kirki ya yi? Makullan kowa suna aljihunsa tun asali. Ni kuwa sai da na yanka." Ya ɗan yi tari. "Amma wurin kicin ɗin nan, Malama, gaskiya sun fi ki."

"Sun fi ni," ta ce tana dariya. "Ni kuma da na gan ka a kwance sai da na share hawaye."

Wannan ya wanke masa rai, ya zauna gaban mota yana ta jera wa direba duk abin da aka yanke daga littafin.

Washegari wata dattijuwa ta kawo makullin ɗakinta a yanka mata wani. Ta ce 'yarta ta kai ta kallon fim ɗin, kuma ba abin da ya ba ta tausayi irin bawan Allah mai makulli, mutum yana neman halalinsa a zo a kashe shi.

"Baba, ai fim ne ya yi miki ƙarya," ya ce, idanunsa na ƙyalli. "A littafi ni na kashe su duka. Biyu nake yankawa, in ajiye ɗaya."

Dattijuwar ta dube shi, ta dubi makullan da ke bango. Ta miƙa hannu a hankali ta ɗauke nata daga kan teburi, ta ce ta tuna ta bar tukunya a wuta. Ya bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ya ɗauki waya ya kira Malama, dariya ta hana shi magana.